Giram 17 cikin sati 11: yadda wankin garin zinari ya kaya da mu a ƙasar Yauri

Ni sana'ata POS ce a nan Yelwa, kuma duk wanda ya taɓa zama bakin teburin POS ya san aikin yana koya ma mutum rubuta lissafi ko bai so, don in ka yi sakaci kafin magariba sai ka nemi dubu biyar sama ko ƙasa ka rasa. To wannan halin ne ya sa har yau ina da littafi guda cike da lissafin wankin zinarin da na zuba ma kuɗi a ranin 2024, tun daga litar fetur ta farko har ɗigon zinari na ƙarshe da anka aza kan sikeli. Tun da farashin zinari ya haukace mutane ke tare ni, wani a ƙofar masallaci wani a wajen cire kuɗi, wai ai kai ka taɓa harkar nan, tana biyan wahala kuwa? Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, shi ya sa na ce bari in baje littafin gaba ɗaya kowa ya gani da idonshi.

Amma fa a gane irin zinarin da nake magana, don mutane suna cakuɗa su wuri guda. Akwai na dutse, wanda ake haƙa rami mai zurfi a bi jijiyar farin dutse, a farfasa a kai injin niƙa, irin na Bagega da Sunke da sauran ƙasar Anka. Akwai na masu yawo da na'ura mai kuka in ta ji ƙarfe, irin wanda ya kwashi samarinmu zuwa Jado a Nijar tun 2014, su dunƙule suke nema. Namu ba ya cikin biyun nan. Namu gari ne, wanda ruwa ya kankaro daga duwatsu shekara da shekaru ya zube cikin yashin rafi, ƙwayarshi wata ko ta gishiri ba ta kai ba, na'urar ma ba ta jin shi ko ka aza ta a kai. Sai dai wanki. Ka ɗebo yashi da tsakuwa ka yi ta wankewa har mara nauyi ya tafi mai nauyi ya zauna, tunda zinari ya ninka ruwa nauyi sau 19, farin yashi kuwa ko sau uku bai cika ba.

Ƙanena ne ya jawo ni. Ya gama NCE ba aiki, yana kabu-kabu da mashin ɗin wani, da anka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 sai abin ya zama wahalar banza, ya wuni kan titi ya kawo balas ya tashi a tutar babu. Wata rana cikin Disamba sai ga shi da la'asar ya tsaya har kwastomomi sunka ragu, ya zaro wata 'yar takardar sigari a naɗe ya warware min kan tebur. Wallahi abin ya yi kyau. Wasu 'yan ƙwayoyi jajaye-jajaye cikin baƙin yashi, rana tana dukansu suna ɗaukar ido. Ya ce, "Yaya, ƙwarya uku kawai na wanke. Uku fa. To ina ga an sa inji?"

Wannan "ina ga an sa inji" ɗin ita ta ci min kuɗi. Ban sani ba a lokacin, sai daga baya da na saba da sikelin mai saye, cewa abin da ya nuna min ranar ko allurar sikeli ba zai motsa ba. Garin zinari falle-falle yake, siriri, yana baje kanshi a gindin ƙwarya ya cika ido, in an tattara shi kuma sai ka ji kunya.

Kuma ba laifin ƙanena kaɗai ba ne, ni ma da nawa kwaɗayin. Duk ɗan Kebbi yana tune da hoton nan na watan Yulin 2020, Buhari a fadar gwamnati ana nuna mishi sandar zinari mai kilo 12 da rabi ta PAGMI, shirin gwamnati na zinarin ƙananan masu haƙa, Babban Banki ya saye ta naira miliyan 268, kuma Kebbi na cikin jihohin da anka fara shirin da su. Na zauna da kalkuletar waya na raba, giram ɗaya ya kama dubu 21 da ɗari huɗu a wancan lokacin. A farkon 2024 kuwa giram na tataccen zinari ya kai wajen dubu 100, saboda faɗuwar naira da hawan farashin duniya. Sai na ce ma kaina ko rabin giram munka samu a rana ai mun haye. Hangen Dala dai.

Ga yadda munka tsara. Wurin wani rafi ne da ke gangarawa kogin Kwara, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mashin daga Yelwa, ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Na sayi injin ban-ruwa mai inci uku da tiyo, anka haɗa mana katakon wanki mai gangara anka shimfiɗa mishi kafet, ga shebur da diga da kwanon sarki da tamfol na yin bukka, duka dubu 410. Ƙanena ya samo yara biyar, shi na shida. Tsarin da munka tarar a wurin shi munka bi: mai kuɗi shi ke ɗaukar fetur da abinci, in an sayar da zinari a fara cire abin da anka kashe, ragowar a raba biyu, rabi na mai kuɗi rabi na ma'aikata. Mai gonar da rafin ya ratsa yana da nashi kason daban. Sun fara aiki ranar Litinin 22 ga Janairu.

Ni ina zuwa duk Asabar in kwana in dawo Lahadi, don haka abin da zan faɗa na gani ne, ba labari anka ba ni ba.

Asabar ta farko na tarar da wani dattijo can ƙasa da mu kaɗan, shi kaɗai, tsugune cikin ruwa iya ƙwauri da wata tsohuwar ƙwarya da ta sha ɗinki. Ba inji, ba yaro, ba komai sai ɗan shebur mai guntun ƙota da kwalbar magani a rataye a wuya. Na gaishe shi, na ce Baba sannu da aiki. Ya amsa, ya kalli injinmu yana ta hayaƙi, ya ce, "Yaro, naku na wanga?" Na ce eh Baba. Ya ce kun gwada wurin kafin ku aje shi? Na ce ai ƙanena ya wanke ƙwarya uku ya gani. Sai ya yi murmushi, ya ce in biyo shi. Ya ɗebi yashi daga daidai inda yaranmu ke haƙa, ya juya ƙwarya a hankali, yana karkata ta ruwa na kwashe na sama, yana girgiza, har ya rage ɗan baƙin yashi cikin cokali, ya zuba ruwa kaɗan ya kewaya shi sai ga 'yan ƙwayoyi a gefe. Ya ƙirga da tsinke, huɗu. Munka taka zuwa inda rafin ya yi kwana, ta cikin kwanar, bayan wani ƙaton dutse, ya tona har ya taɓa laka mai tauri ya kankaro abin da ke kwance a kanta. Ya wanke. Wannan karon ya wuce ashirin. Ya ce zinari malalaci ne, bai son gudu, duk inda ruwa ya rage ƙarfi nan yake kwanciya, kuma ƙasa yake nitsewa har sai ya iske abin da ya tare shi. Ku kuma kuna wanke na sama don ya fi sauƙin ɗiba.

Na gaya ma ƙanena, ya ce Yaya rabu da tsohon nan, shi abin da yake wankewa a wuni mu minti goma ne. Gaskiya ne kuma, ta fuskar yawan yashi. Abin da ba mu gane ba shi ne yawan yashin da ya bi ta kan katako daban, zinarin da ya tsaya a kafet daban.

A nan ne matsalar garin zinari take, kuma na ɗauki kusan wata guda kafin in fahimta. Yaran suna son su ga tsibin yashi yana raguwa, sai su buɗe ma inji wuta, ruwa ya zo da ƙarfi, su kuma suna ta juye kwanon sarki ba ƙaƙƙautawa. Ƙwaya mai ɗan girma za ta faɗa cikin kafet ta zauna. Amma falle siriri ruwa mai gudu ɗaukar shi yake kamar ganye ya wuce da shi. Na biyu laka. In ba a murje ta ta narke ba, dunƙulenta yana gangarawa kan katako yana lasar zinarin da ya riga ya kwanta ya tafi da shi. Na uku baƙin yashi, shi ma nauyi gare shi, cikin awa ɗaya zuwa biyu ya cike ramukan kafet ya daskare, daga nan duk abin da ya zo sai dai ya zame ta sama, su kuma yaran sai yamma suke cire kafet su wanke don kar a tsayar da aiki. Na huɗu shi ya fi ba ni mamaki: maiƙo. Baban nan ya nuna min da idona, ya shafi goshinshi ya taɓa ruwan ƙwarya, sai ga ƙananan ƙwayoyi suna yawo a saman ruwa kamar dusa. Zinari fa, mai nauyin nan. Ya ɗiga ruwan omo kaɗan sunka nitse nan take. Mu kuwa injinmu yana ɗigar da baƙin mai daidai inda tiyo ke zuƙar ruwa.

Mun gyara wasu. Munka rage gangaren katako, munka matsar da inji, na sa doka a wanke kafet sau huɗu a rana, na ciro mayen ƙarfe daga wata matacciyar sifika munka naɗe shi a leda muna janye baƙin yashi da shi. Samu ya ɗan ƙaru. Sai dai in ka rage ruwa ka rage gudu to yashin da kake wankewa ya ragu, fetur kuwa lita takwas ɗinshi yake sha a rana ko an samu ko ba a samu ba.

Ranar da ta fi cutar da mu ita ce ranar da munka fi samu. Cikin sati na uku sunka koma kwanar da dattijon ya nuna, shi ya riga ya matsa gaba, sunka dace da wani ɗan kwari a kan lakar nan, a wuni ɗaya giram 1 da ɗigo 1, ɗigo goma ke yin giram ɗaya. Ƙanena ya kira ni yana ihu ban ma gane me yake cewa ba. Daren nan anka sayo kifi da lemu. Kwana biyu kwarin ya ƙare, anka koma ɗigo biyu, ɗigo uku, wata rana ɗigo ɗaya da rabi, amma daga ranar duk sanda na ce a tsaya a duba lissafi sai a ce Yaya ka manta ranar nan? Irinta na nan tafe. Har munka tashi ba ta sake zuwa ba. Da ba mu ga ranar nan ba ina jin da tun ƙarshen Fabrairu na naɗe tiyona.

Sai maganar zaiba, ruwan ƙarfen nan mai nauyi da Turawa ke kira mercury. Abin da kafet ya kama ba zinari zalla ba ne, baƙin yashi ne da zinari a cikinshi, kuma garin ya yi ƙanƙanta da a tsince da hannu. Sai a zuba zaiba a kwano a yi ta murzawa da hannu, ita tana haɗiye zinarin, a juye ta a tsumma a matse, abin da ya rage wani ɗan dunƙule ne fari-fari kamar ƙwayar wake. Shi ake ƙonawa. Na tsaya a kan ƙanena yana yi, cikin bukka, ƙofar tamfol a sake saboda iska, ya aza dunƙulen a cokali kan garwashi ya sunkuya yana hurawa da baki, fuskarshi ba ta fi taki ɗaya da cokalin ba. A hankali farin ya koma ja, dunƙulen ya tsuke ya zama kamar soso, wajen rabin nauyinshi ya bi iska. Wannan rabin da ya bi iska zaiba ce, kuma ba inda ta tafi sai cikin bukkar da mutum shida ke kwana da ƙirjin mai hurawa. Ba ta da wari, ba ta sa tari nan take, shi ya sa ba mai tsoronta, amma tana taruwa a jiki ta taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, ta kawo rawar hannu da mantuwa. Wadda ta zube a ruwa kuma tana komawa cikin kifi, mu kuwa Yauri da kifi anka san mu. Ƙasashen duniya har yarjejeniya sunka ƙulla a kanta a 2013, ta Minamata, Najeriya na ciki, amma a bakin rafi a 'yar kwalba ake sayar da ita kamar turare. Na hana ƙonawa cikin bukka, na ce a fita fili a juya ma iska baya. Ina nan ana bi, in na tafi Allah masani.

Innarmu ita tun farko ba ta so ba. Tana da dangi ta wajen Anka, kuma ba ta manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Abare da 'Yargalma, har sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sunka zo sunka gano cewa dutsen zinarin da ake dakawa ana niƙawa cikin gidaje ne ke ɗauke da dalma, ƙurar tana zuba inda yara ke rarrafe. Bagega ma sai 2013 anka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Na yi mata bayani cewa Inna namu yashin rafi ne, jiƙe yake, ba a niƙa shi, ba irin wancan ba ne. Ta ce ita ba ta san wannan ba, abin da ta sani kar ya shigo mata gida da kayan aikin nan, ko takalmi, ya tuɓe a zaure ya yi wanka kafin ya ɗauki jikokinta. A kan wannan ban yi mata gardama ba, don hannun da ya wuni yana murza zaiba bai kamata ya shiga kwanon yara ba.

Mai saye kuma wani Alhaji ne da ke zama ƙarƙashin rumfa a ƙauyen, da ɗan sikeli na batir da tukunyar gas. Mutumin kirki a fuska, kullum da fara'a, shi ke ba da zaiba bashi, in abinci ya yanke ya ba da bashi, sharaɗin kawai kar ka kai zinarinka wani wuri. In ka kawo sai ya sake ƙona shi da gas nauyi ya ƙara raguwa, sannan ya cire na datti, sannan ya faɗi farashin yau, kuma shi kaɗai ke da wanda yake kira a birni ya ji farashin. Daga Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu mun sayar mishi giram 9 da ɗigo 1, a tsakaice dubu 78 kowane giram. Lokacin dala tana ta hawa, a kasuwar bayan fage har ta doshi 1,900. Sai abu ya juya, naira ta farfaɗo, kafin tsakiyar Afrilu dala ta sauko wajen 1,100. Abin haushi a daidai lokacin farashin zinari a duniya hawa yake, oza, wato ma'aunin da kasuwar duniya ke sayar da zinari da shi, ta tashi daga dala dubu biyu da 'yan kai ta wuce 2,300, ina gani a waya, amma a rumfar Alhaji sauka yake, kuma na lura in dala ta sauka a ranar yake ragewa, in ta hau sai ya ce bai samu labari ba tukuna. Giram 8 da ɗigo 3 na ƙarshe a tsakaice dubu 66 munka sayar.

Azumi ya kama 11 ga Maris, zafin Yauri kuwa ba sai an faɗa ba. Aiki ya koma daga asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Cikin satin farko na azumin ne gaɓar rafi ta rufto. Suna bin lakar nan ta ƙarƙashin gaɓa suna rarake ta, sama kuma yashi ne da ba abin da ya riƙe shi, ɗaya daga cikin yaran yana tsugune a ciki sai ji sunka yi rim. Ya binne har ƙirji. Allah ya taimaka sauran na kusa, sunka tone shi da hannu don tsoron kar shebur ya sare shi, ƙafar hagu ta karye a ƙwauri. Anka ɗauke shi a mashin zuwa wajen mai ɗori. Dubu 35 na kashe, daga aljihuna, ban sa a lissafin rabo ba. Ranar da na je gaishe shi ubanshi ya tarbe ni da mutunci, ya ce ƙaddara ce Malam, ba komai, ni kuwa na kasa haɗa ido da shi.

Ga kuma zaman ɗar-ɗar. Ba mu da takarda ko ɗaya, gara in faɗi gaskiya. A dokar ma'adinai ta 2007 duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ko a gonar ubanka yake, mai ƙaramin haƙa sai ya shiga ƙungiya an yi mata rajista ko ya nemi lasisi daga ofishin da ke Abuja, wa zai yi wannan don ɗigo uku a rana? Saboda haka duk wanda ya zo da kaki ko da sanda ya ce a ba shi na goro sai a ba shi. A watan Maris ɗin ne kuma minista Dele Alake ya ƙaddamar da dakarun tsaron ma'adinai, labari ya iso bakin rafi an ƙara mishi gishiri, kwana biyu ana jin ƙarar mota sai kowa ya shige daji. Ban da tsoron 'yan bindiga, wanda tun sace ɗaliban Birnin Yauri da anka yi a 2021 bai bar zuciyar kowa ba a yankin nan, kuma kowa ya san dalilin da gwamnati ta bayar da ta hana haƙa a Zamfara a watan Afrilun 2019, wato alaƙar haƙar da 'yan bindiga. Mu dai Allah ya tsare, ba su taɓa zuwa ba, amma duk daren da na kwana can barcin rabi da rabi nake.

Mun tashi ranar 8 ga Afrilu, ana jibi Sallah. Sati 11 cif, kwana 77, ranakun aiki 62 in an cire Juma'o'i da kwana huɗun da inji ya lalace.

To ga littafi. Zinari duka giram 17 da ɗigo 4, kuɗinshi miliyan 1 da dubu 257. Fetur lita 496 a wajen naira 700, dubu 347. Abinci dubu 455, kuma ba wani cin daɗi ba ne, garin kwaki ne da shinkafa da wake da taliya, lokacin ne tsadar abinci ta kai har mata sunka tare hanya a Minna. Zaiba da baƙin mai da gyaran inji da canjin kafet dubu 96. Mai gona da masu zuwa karɓar na goro dubu 80. Jimla dubu 978. Abin da ya rage dubu 279. Rabina dubu 139 da ɗari biyar. Su shida sunka raba ɗaya rabin, kowa ya tashi da dubu 23 da 'yan kai. Raba shi da kwana 77 ka gani, naira 300 a rana. Ƙato ya wuni cikin ruwa da rana, da azumi a bakinshi, a kan naira 300 da abinci. In ka mayar da shi zinari kusan ɗigo uku da rabi ne, alhali rubu'in dinari da malamai ke cewa shi ne mafi ƙarancin sadaki ya ɗan haura giram ɗaya, wato ranin gaba ɗaya ko rabin sadaki bai ba ƙanena ba, shi da ya tafi da niyyar ya dawo ya kai kuɗin gaisuwa.

Ni kuma na fitar da dubu 410 da dubu 35, na karɓi 139, saura dubu 300 da 'yan kai a waje, sai tsohon inji da tiyo a hannu. Ban ma lissafa abin da na rasa a POS ba, don kuɗin da na riƙa jan fetur da abinci da su daga jarin shago ne, sau da yawa kwastoma ya zo cire dubu 50 in ce babu kash.

Abin da ya fi tsaya min a rai da na zauna da kalkuleta shi ne wannan. A tsakaice muna samun ɗigo 3 ba kaɗan a ranar aiki, kuma sama da ɗigo 2 daga ciki na fetur ne da abinci da sauransu, kafin kowa ya taɓa sisi. Dattijon nan kuwa na tambaye shi, ya ce shi kwana biyu ko uku yake haɗa ɗigo ɗaya, wata rana ya fi wata rana bai kai ba. Ɗigo ɗaya dubu bakwai ne a lokacin, wato yana tashi da wajen dubu biyu da rabi a rana, ba fetur, ba bashin Alhaji, ba zaiba ma, don shi haƙuri yake ya bushe baƙin yashin a faranti ya riƙa hurawa a hankali yana tara na kwalba, ya ci tuwo a gidanshi ya kwana a ɗakinshi, damina ta faɗi ya koma gona. Ya ninka kowane yaro namu sau takwas. Amma kar wani ya ji haka ya ɗauki ƙwarya ya nufi rafi, mutumin nan ya ce tun yana saurayi yake wannan rafin, ya san kowace kwana da inda ambaliyar bara ta zubar da kaya, kuma wuraren da yake lallaɓawa ba za su ciyar da mutum shida ba, shi ɗaya suke ɗauka. Yaranmu da ƙwarya zalla ko rabin nashi ba za su samu ba.

Saura abu ɗaya. Muna naɗe kaya sai ga wani mutum ya zo yana zagaya tsibin yashin da munka riga munka wanke, ya ɗiba a 'yan buhuna daga wuri uku ya tafi. Kashegari ya dawo ya ce zai saya dubu 90. Yashin da munka zubar fa. Ƙanena har yana dariya yana cewa banza ta faɗi. Ko tayi mutumin bai tsaya yi ba da na ce ya ƙara, ya ce haka ne ko a bari, na karɓa na raba ma yaran dubu 15-15 su yi Sallah. Washegarin Sallah anka ce min tifa biyu sun kwana suna jigila. Irin waɗannan suna kai shi inda ake jiƙa shi a manyan kwatamai da sinadarin sayanaid, wanda ke narkar da zinarin da kafet da zaiba sunka kasa kamawa. Mutum ba zai hayo tifa ya biya leburori don yashin gini ba alhali ga yashi ko'ina a Yauri. Nawa ya fitar a ciki, shi da Allahnshi, amma na kwana ina juyi a kan cewa mu munka haƙa, mu munka ɗauko, mu munka tara mishi wuri guda da fetur ɗina.

In an tambaye ni yanzu cewa nake: wanda ke zaune kusa da rafi, yana da gonarshi, rani ya yi ba abin yi, ya ɗauki ƙwarya ya bi wani tsoho ya koya, wannan ba zan hana shi ba, zai samu na cefane. Wanda zai ciro jari ko ya ci bashi ya sayi inji ya tara yara a kan ya ga ƙyalli a takardar sigari, ba tare da ya yi sati yana gwada wurin rami-rami yana ƙirga ƙwaya ba, to shi zai yi ma mai gidan mai da mai shinkafa da Alhaji da mai tifa aiki, don su kam duk sun ci riba da mu, ba wanda ya yi asara a cikinsu.

Injin yana wajen kawunmu yanzu, yana ban-ruwan albasa da shi a fadama, duk ƙarshen kaka yana aiko min da buhu biyu da ɗan abin da ya sawwaƙa. Yaron da ya karye ya warke, yana ɗan ɗingishi in sanyi ya yi. Ƙanena ya samu koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashin ba yawa.

A watan Oktoban 2025 da oza ta haura dala dubu huɗu sai ga kiranshi da daddare. "Yaya ka ga farashi kuwa? Da mun riƙe namu da yanzu ya ninka." Na ce da me za mu sayi fetur in mun riƙe? Ya yi shiru, can ya ce ai an ce wani wuri ya fashe ta wajen Ngaski, yara suna samu sosai, kuma yanzu mun san kan aikin ba kamar da ba. Na ce to ka bari a yi hutun makaranta, ka ɗauki ƙwarya ka je ka yi sati, rami goma, kowane rami ka rubuta min ƙwaya nawa ka ƙirga, ka kawo min takardar mu zauna. Ya ce Yaya kai komai sai an rubuta. Hutu ya zo ya wuce bai kawo takarda ba, amma Inna ta ce min babbar ƙwaryarta ta fura ta ɓace daga rataya, ta nema har ƙarƙashin gado.